Rediyo da Ɗan Rago Mai Baƙin Kunne

Na roƙe ku, duk wanda labarin nan ya shiga hannunsa, kar ya faɗi sunana. Ko an tambaye ku, ku ce ba ku sani ba. Kwarinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Kuma yarinyar da zan ba ku labarinta ba ta son a riƙa tuna mata. Ita ma ba zan faɗi sunanta ba. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, ban yi nisa a makaranta ba.

To, ga yadda aka yi.

A nan ƙasarmu ta Mongoliya akwai wata yarinya mai surutu. A gida Rediyo ake ce mata. Da ta buɗe ido da safe take fara magana. Tana yi da mutane, tana yi da kare, tana yi da butar shayi. In baƙi suka zo, sai ka ga fuskarta tana sheƙi. In sun tafi, sai ta yi laushi kamar an zare mata laka.

Tana da 'yar kawu mai suna Dejid. Sa'arta ce, kakarsu ɗaya. Ita Dejid na faɗi sunanta, don ko ta ji ba za ta ce komai ba. Haka take. Kafin ta faɗi kalma ɗaya sai ta juya ta a ciki, ta sake juya ta.

A makarantar kwana ta cikin gari gadonsu ɗaya, sama da ƙasa. In an tashi daga aji, Rediyo sai ta ruga cikin yara. Dejid kuwa sai ta zagaya bayan ɗakin gawayi ta zauna ita kaɗai. Abin yana damun Rediyo ƙwarai, don tana son Dejid.

Ran nan ta je ta sami malamarsu.

"Malama, Dejid ba ta da lafiya."

"Me ya same ta?"

"Ba ta magana. Kullum tana bayan ɗakin gawayi."

Malama ta yi murmushi. Ta ce, "Lafiyarta lau. Hutawa take. Ki ƙyale ta."

"Hutawa? Me ta yi da za ta gaji? Tun safe a zaune take a aji!"

"Akwai wanda zama cikin mutane ke gajiyar da shi."

Rediyo ta yi dariya. Ta ɗauka wasa Malama take yi. Ta yaya mutane za su gajiyar da mutum? Ta fita tana ba wata labari, ta manta da zancen.

Da sanyi ya fara sauƙi aka ba su hutun haihuwar tumaki. Suka koma wurin Kaka, inda aka kafa tantuna a gindin dutse. Aiki ya yi yawa. Ko'ina kukan 'yan raguna.

Sai dusar ƙanƙara ta dawo ba zato. Wata tunkiya ta haihu cikin sanyin nan, ba ta tashi ba. Ta bar ɗan rago fari mai baƙin kunne. Kaka ta naɗo shi a cikin rigarta ta miƙa wa Dejid.

"Naki ne. In ya rayu, ke kika raya shi."

Dejid ta rungume shi kawai.

Shanu ba su haihu ba tukuna, babu madara. An gwada ba shi madarar gari a cikin ƙahon saniya, sai ta sa shi zawo. Nonon tunkiya yake bukata. Akwai wata tunkiya da ɗanta ya zo babu rai, hantsarta cike. Amma da an kai mata maraya sai ta kai masa karo.

Kowa a nan ya san maganin wannan. Sai an keɓe tunkiyar a wuri shiru, a riƙa yi mata waƙa a hankali, "toig, toig, toig," har zuciyarta ta yi laushi ta karɓi ɗan da ba nata ba. Kaka ce gwanar abin, amma tari ya dushe mata murya. Sai Dejid ta karɓa. Kullum tana kai su wani ƙaramin shingen dutse a bayan tudu. Tunkiyar mai taurin kai ce. Amma a hankali ta daina karo. Ta fara tsayawa.

Ana cikin haka ranar askin ƙanen Rediyo ta zo, askinsa na farko. Baƙi suka cika tanti. Kowa yana karɓar almakashi ya yanki ɗan gashi ya sa wa yaro albarka. Ga nama, ga busasshen cuku, ga shayi mai gishiri. Rediyo kamar ta tashi sama don murna. Ta gaida wannan, ta tsokani wancan, ta yi waƙa ba wanda ya roƙe ta.

Dejid ce ke zuba shayi tun safe. Kowace tsohuwa sai ta riƙe hannunta.

"'Yar wa ce ke? Aji nawa? Ke ba kya dariya ne?"

Da rana ta yi, fuskar Dejid ta yi fayau. Ta ajiye buta. Ta matso kusa da Rediyo, ta ce a hankali, "Kar ki biyo ni yau. Saura kaɗan."

"To, to," in ji Rediyo. Ko juyowa ba ta yi ba. Tana tsakiyar ba da labarin yadda raƙumi ya tofa wa kawunta yawu.

Jim kaɗan sai wata baƙuwa ta ce, "Ina 'yar uwar taki? Ta shige ta bar mu. Yarinyar nan akwai girman kai."

Maganar ta soki Rediyo. Dejid ba ta da girman kai! Kunya ce kawai, da kaɗaici. Tana can ita kaɗai cikin sanyi, kowa yana nan yana jin daɗi. Ai wannan ba daidai ba ne. Kuma in murya ɗaya tana sa tunkiya ta yi laushi, muryoyi da yawa fa? Ai nan take za a gama.

Ta fita ta tara yaran baƙi.

"Ku zo mu je mu taya Dejid waƙa. Amma ku lallaɓa, kar ta gan mu sai mun isa."

Suka tafi, kare na biye da su. Wani yaro yana riƙe da wayar babansa. Suka hau tudu suna ƙunshe dariya.

Da Rediyo ta leƙa ta saman shinge, ta ga abin. Ta gani da idonta, shi ya sa har yau yake ci mata rai. Dejid tana durƙushe. Tunkiyar ta sunkuyar da kai tana sunsunar bayan ɗan ragon. Shi kuma ya sa baki a nono, jelarsa tana rawa.

Amma bakin Rediyo ya riga hankalinta.

"TOIG! TOIG! TOIG!"

Yara suka ɗauka da ihu. Yaron nan ya kunna kiɗa a waya. Kare ya fasa haushi.

Tunkiya ta zabura. Ta yi shuri, ƙafarta ta sami ɗan ragon, ya faɗi gefe. Ta tsallake shinge ta yi cikin daji da gudu.

Rediyo ta dira cikin shingen. "Wayyo! Dejid, ban sani ba, na ɗauka..." Garin sauri ta taka ƙafar Dejid.

Kun san dai in ka taka ƙafar mutum, nan take za ka miƙa masa hannu ya kama. In bai kama ba, gaba ta shiga tsakaninku. Ko a kasuwa ne, ko ba ka san shi ba. Rediyo ta miƙa hannu.

Dejid ta kalli hannun. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta sunkuya ta ɗauki ɗan ragonta, ta sa shi cikin riga, ta wuce.

Hannun Rediyo ya tsaya a iska.

An kamo tunkiyar kafin rana ta faɗi. Amma ta lalace. Da ta hango shingen sai ta fara fizge-fizge. Da ta ji "toig" sai ta ɗaga kai tana neman hanyar gudu. Ɗan ragon kuma ƙafarsa ta baya ta kumbura. Aka sa shi a akwati kusa da murhu.

Da baƙi suka watse, Inna, mahaifiyar Rediyo, ta kira ta.

"Ba ta ce miki kar ki bi ta ba?"

"Ta ce, Inna. Amma sau ɗaya ta faɗa, kuma a hankali."

"Sau nawa kike so ta faɗa? Ita ba ta da na zubarwa kamar ke."

"Taimakonta na je yi."

"Ta ce miki tana neman taimako?"

Rediyo ta yi shiru. Inna ta ce, "Af, yau batirin Rediyo ya mutu." Amma ba wanda ya yi dariya.

Washegari Rediyo ta bi Dejid duk inda ta sa ƙafa. Ta bi ta wurin ɗebo kashin shanu na hura wuta. Ta bi ta garke.

"Ki yi haƙuri. Kin ji? Ki yi haƙuri mana. Ki zage ni. Ki mare ni ma in kina so. Dejid, ki ce wani abu! Kin tsane ni ko? Na san kin tsane ni. Tun a makaranta kike guduna."

Dejid ta ajiye kwando. Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Ta juya ta shige tanti.

Rediyo ta zauna a kan dutse ta fashe da kuka. Dama ta leƙa akwati da safen nan, ta ga ɗan ragon ko kuka ba ya iya yi sosai. Cikinsa ya shige. In ya mutu, ita ta kashe shi. Kuma hannunta zai tsaya a iska har abada.

Kaka ta fito tana tari, ta zauna kusa da ita.

"Kuka ma da ƙara kike yin sa."

"Kaka, ba ta sona."

"Wa ya raba cukunsa biyu ya ajiye miki rabi jiya, kina can kina waƙa?"

Rediyo ta ɗago kai. Ta ga cukun a kan shimfiɗarta, amma ba ta tambayi wanda ya ajiye ba.

Kaka ta nuna hayaƙin da ke fita ta saman tanti. "Ke wutar murhu ce. Sai ana ƙara miki makamashi kike ci. Mutane su ne makamashinki. In an bar ki ke kaɗai, sai ki mutu murus."

"Haka ne."

"Ita kuma kamar rijiyarmu ta bakin kwari take. In an shayar da garke, me muke yi?"

"Mu bar ta ta tara ruwa."

"In aka ci gaba da zura guga fa?"

"Sai laka."

"To jiya tsofaffin nan sun kwashe ta tas. Ta je ta tara ruwa, kika bi ta da guga goma. Yau ma tun safe kike zurawa."

Sai Rediyo ta tuna maganar Malama. Ashe ba wasa take ba. Kunya ta kama ta.

"To me zan yi, Kaka? In daina magana gaba ɗaya?"

"Ke? Ai sai ki fashe." Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ba a ce ki zama ita ba. Bakin nan naki, ki kai shi inda ake bukatarsa. Wata tunkiyar muke nema, wadda ɗanta ya mutu kwanan nan. A garkenmu babu. Sai an bi tantunan mutane an tambaya. Iyayenku ba za su bar garke ba. Dejid kuwa, in aka ce ta shiga tantin baƙo ta roƙi abu, gara ta kwana a kan ƙanƙara."

Rediyo ta riga ta miƙe.

Ta ɗaura wa doki sirdi ta kama hanya. Duk tantin da ta isa sai ta ɗaga murya, "Ku riƙe karenku!" A fito a shigar da ita, a ba ta shayi. Ta sha, ta tambaya. Wasu suka ce babu. Wasu suka ce tasu ta riga ta karɓi wani maraya. Ta sha shayi har cikinta yana ƙugi a kan doki.

Wata mata ta ce, "Tsoho Luvsan yana da ita. Amma kin san halinsa. Ko gishiri ba ya ba da aro."

Rediyo ta je. Tsoho Luvsan yana gyaran babur, ko kallonta bai yi ba.

"Sannu da aiki, Baba. An fita sanyi lafiya? Dabbobi sun yi ƙiba?"

"Ke ce jikar mai tari? Wadda ake ce wa Rediyo?"

"Ni ce, Baba."

"An ce jiya kin kori tunkiya da waƙa. Har nan muka ji."

Rediyo ta ji kunya. Amma ba ta gudu ba. Ta durƙusa ta riƙe masa ƙarfen da yake nema. Ta ba shi labarin duka, ba ta rage laifinta ba. Ta kwaikwayi ihun yara, ta kwaikwayi tsallen tunkiya. Da ta zo kan hannunta da aka bari a iska, sai muryarta ta karye.

Tsoho ya goge hannunsa da tsumma.

"In na ba ki aron tunkiyar, za ki yi shiru?"

"Zan yi, Baba."

"Ƙarya kike. Je ki kamo ta, mai jan ƙyalle a wuya."

Shi da kansa ya ɗaure ta a bayan babur ya kawo.

Da Dejid ta ga tunkiyar, ta taɓa hantsarta, ta ji ta cike. Ta shiga ta ɗauko ɗan ragon. Ba ta koma tsohon shingen ba, ta nufi bayan wani dutse. Rediyo ta tsaya a baya. Ba ta bi ta ba. Ƙafarta tana so, ta hana ta.

Dejid ta yi 'yan taku, ta waiwayo.

"Zo ki riƙe mini kanta."

Rediyo ta buɗe baki. Dejid ta kalle ta. Ta rufe.

Suka durƙusa. Dejid ta tatsi nono ta shafa wa ɗan ragon a baya. Sai ta fara. "Toig, toig, toig." Muryar siririya ce, kamar iska a cikin ciyawa. Rediyo ba ta taɓa sanin Dejid tana da murya irin wannan ba. Gado ɗaya suke kwana, amma ba ta taɓa yin shirun da za ta ji ba.

Tunkiyar ta fizge. Ta kai karo. Rediyo ta riƙe ta gam. Sanyin ƙasa ya ratsa gwiwoyinta. Hancinta yana ƙaiƙayi. Magana ta taru mata a maƙogwaro, har guda nawa. Tana so ta ce, "Kin ga ta motsa kunne?" Tana so ta ce, "Sai yaushe?" Ta ciji leɓe ta haɗiye.

Inuwar dutse ta matsa, ta sake matsawa. Dejid ba ta daina ba.

Can sai Rediyo ta ji wuyan tunkiyar ya saki a hannunta. Ta sassauta riƙo a hankali. Tunkiya ta juya kai. Ta sunsuni ɗan ragon. Ta lashe shi sau ɗaya. Ta yi wani ɗan gurnani a ƙasan maƙoshi.

Ɗan rago ya ja ƙafarsa mai ciwo, ya kama nono. Jelarsa ta fara rawa.

Ihu ya taso wa Rediyo tun daga ciki. Ta danne bakinta da hannu biyu. Hawaye suka zubo ta kan yatsunta.

Suka zauna har ya ƙoshi ya kwanta. Sannan Dejid ta yi magana, idonta a kan ɗan ragon.

"Ba gudunki nake ba. In na daɗe cikin mutane, sai in ji kamar an kwashe ni. In na zauna ni kaɗai sai in dawo."

Rediyo ta jira. Da ta tabbata ta gama, ta ce da raɗa, "Ni kuma in na zauna ni kaɗai, sai in ji kamar an manta da ni. Na ɗauka ke ma haka kike ji."

"Na sani." Dejid ta shafa kan ɗan ragon. "Da ni ce, da ban iya zuwa wurin Tsoho Luvsan ba."

Suka miƙe. Rediyo tana kakkaɓe riga, sai ta ji nauyi a kan takalminta. Ta duba. Ƙafar Dejid ce. Ta taka ta da gangan, har da dannawa.

"Af," in ji Dejid. "Na taka ki."

Ta miƙo hannu.

Rediyo ta kama shi da hannu biyu. Ba ta ce komai ba. Wannan karon ba dannewa ta yi ba, maganar ce babu.

Ɗan ragon ya rayu. Ya zama babban rago, kunnensa baƙi ƙirin. Amma har yau yana ɗingishi da ƙafar baya. Duk sanda Rediyo ta gan shi yana bin garke a ƙarshe, sai ta yi shiru na ɗan lokaci. Ta kan ce da ta saurari magana ɗayar nan, da yanzu yana gudu kamar sauran.

Surutu dai ba ta daina ba. Amma da suka koma makaranta, in Dejid ta zagaya bayan ɗakin gawayi, Rediyo ce ke tare hanya. "Ku bar ta, tana tara ruwa," in ji ta. In Dejid ta fito kuma, sai ta zauna ta saurari labaran Rediyo duka, har da na raƙumi.

To yara, abin da nake so ku riƙe ke nan. Ba kowa ne ke samun ƙarfi inda kuke samu ba. Wani cikin mutane yake samun nasa, wani sai ya keɓe. Babu mai laifi a cikinsu. Mai shiru ba ƙin ku yake ba, mai surutu ma ba damun ku yake son yi ba. In mai shiru ya faɗi magana sau ɗaya, ku saurara da kyau. Kuma kafin ku taimaki mutum, ku tambaye shi irin taimakon da yake so.

Akwai ma abin da Tsoho Luvsan ya ce ranar da aka mayar masa da tunkiyarsa, wai... tsaya. Kare yana haushi. Na ji takun doki, kuma ina jin muryar Rediyo ce, don tun daga nesa take magana. Bari in ɓoye wannan rubutun. Kun dai yi mini alkawari, kar ku faɗi sunana...